Da sanyin safiya ake kama fara: wa ake faɗa wa, kuma wace farar?

Maman 'Yan Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun jiya. Wata babba da nake ganin girmanta ta shigo ta tarar da ni ƙarfe bakwai da rabi ina neman takalmin makarantar ɗaya daga cikin 'yan biyuna ƙafa ɗaya, jaririya na tsala kuka a bayana, ɗan uwansa kuma ya zauna daɓas ya ce shi ba zai sa rigar da na ɗauko ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, da sanyin safiya ake kama fara." Daga haka ba ta ƙara komai ba.

Ban tanka ba, amma ta yi mini ciwo. Ni fa biyar saura kwata nake tashi, kuma ba na kwanciya sai sha ɗaya da rabi, ban da tashin shayarwa sau biyu. In nufinta in ƙara sammako ne, daga ina zan yanko? Don Allah ku fassara mini karin maganar nan, ko ni ce ban gane ta ba.

Hajiya Babba

Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki riƙe ta a zuci. Maganar a fili take, ba ta bukatar dogon sharhi: abin da za ki yi, yi shi da wuri kafin rana ta ɗaga. Ni bakwai na raina, kuma na san awa ɗaya kafin yara su farka ta fi awa uku bayan sun farka albarka. Ki yi wankanki, ki kimtsa, ki ɗora abin karyawa gida shiru. Da zarar ƙarami ya buɗe ido, lokacinki ya zama nasu. Abin da ta gaya miki ke nan.

Ɗalibin Hausa

Hajiya, a gafarce ni in sa baki cikin zancen iyaye mata. Ni a ganina an cika ɗora nauyin karin maganar kan kalmar safiya, alhali nauyinta yana kan sanyi. Me ya sa sai da sanyin safiya? Saboda fara ba ta da ɗumin jiki na kanta irin na mutum ko tsuntsu, da zafin rana take dogara. In ta kwana a kan ganye sanyi da raɓa suka kama ta, jikinta ya yi nauyi, ba ta iya tashi sai ta sha hantsi. A wannan ɗan tsakanin ko yaro ya sa hannu ya ɗauke ta. Bari rana ta yi, ka bi ta da gudu ka ga ko za ka same ta. Shi ya sa ma masu feshin maganin farin ɗango suke fita da sassafe, tun garken yana zaune bai tashi ba.

Ke nan wanda ya fara faɗin maganar ba gasar tashi yake koyarwa ba. Cewa yake kowane abu yana da lokacin da yake kwance, mai sauƙin kamu, ka san lokacin ka cim masa. Ku lura da 'yar uwarta, "da zafi-zafi ake dukan ƙarfe". Wannan ta ce zafi, waccan ta ce sanyi, amma hanya ɗaya suka bi. Maƙeri ba ya duba agogo, ƙarfen yake duba.

Hajiya Babba

Malam, ka iya zance. Amma ran da ka goya ɗa kana hura wuta ka dawo mu ƙarasa. Sanyin safiya dai da safe yake zuwa, ban taɓa ganinsa da azahar ba.

Ɗalibin Hausa

Na karɓi wannan, Hajiya. Goyo kam ban taɓa ba.

Ma'aikaciyar Jinya

Ni lissafi na yi da na karanta tambayar. Daga 11:30 zuwa 4:45 awa biyar ne da kwata. A cire shayarwa sau biyu, da ƙyar ya rage huɗu da rabi, su ma a yayyanke. Likitocin barci na Amurka a shekarar 2015 sun ba da shawarar kada babba ya gaza awa 7 a dare. 'Yar uwa, ba ki da sauran abin yankewa ta gefen asuba. Duk wanda ya ce ki ƙara sammako bashi yake sa ki ci, kuma jiki ba ya yafe irin wannan bashin: mantuwa, saurin fushi, ciwon kai, ki ajiye abu a hannunki kina nemansa. Wannan takalmin da ya ɓata, ba mamaki ke kika ɗauke shi da kanki.

In karin magana ake so, akwai wadda ta fi dacewa da ke: wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Na san an fi faɗinta a kan wanda ya girme ka ko ya riga ka shiga wani al'amari, amma ko a zahirinta gaskiya ce tsagwaronta.

Sannan yaran. Ba ki faɗi shekarun 'yan biyun ba, amma tunda suna zuwa makaranta: ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar awa 10 zuwa 13 har da na rana, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Yaron da za a tasa ƙarfe shida, in ya wuce tara bai yi barci ba, gardamar riga ta riga ta ƙullu tun daren. Kuma akwai nauyin barcin nan da ke bin mutum bayan ya farka, yakan ɗauki minti 15 zuwa 30, wani lokaci fiye. Yaro a cikin wannan magagin ba taurin kai yake yi ba, bai gama dawowa ba ne. Ki buɗe taga ko ki kunna fitila ki ba shi 'yan mintuna kafin ki fara ba da umarni. Haske ne ke saita agogon da ke cikin jiki. Agogon nan ba almara ba ne, a kansa aka ba wasu Amurkawa uku kyautar Nobel ta likitanci a 2017, kuma a jikin ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace suka gano yadda yake aiki. Daga fara mun koma ƙuda, ku yi haƙuri.

Malamar Firamare

Ni ina tare da Ɗalibin Hausa, kuma zan kai maganarsa inda ya ji kunyar kai ta. A gidan mai yara, sanyin safiya ƙarfe takwas na dare yake sauka.

Ku duba farar da Maman 'Yan Biyu take bi: takalmi, riga, jaka. Da safe duk fiffike gare su. Da dare kuwa a kwance suke. Abin da nake yi shekara da shekaru, kafin kowa ya kwanta sai ya kawo jakarsa da takalminsa ƙafa biyu ya ajiye bakin ƙofa, ni ma da tawa jakar da makulli. Aikin gida da takardar da za a sa wa hannu, a daren ake gamawa. Riga kuma ba na tambayar yaro wacce yake so, in ba haka ba mu kwana a nan. Biyu nake ɗagawa in ce zaɓi ɗaya. Wanda ya zaɓa da bakinsa da wuya ya yi tawaye da safe. Duka-duka bai fi minti goma sha biyar ba, amma in na bar shi sai safiya ya ci mini arba'in da hawaye.

Da safen kuma jeri ɗaya ne ba ya canzawa: banɗaki, wanka, sutura, karyawa, takalmi. Yaro in ya haddace abin da ke biye, ba sai kin yi ta maimaita magana ba. A aji ma haka muke yi, da ba don haka ba da mutum ɗaya bai iya da yara masu yawa. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Ɗalibin Hausa

Malama, komai na yarda sai wannan ta ƙarshe. "Ake gane ta" aka ce, ba "ake shirya ta" ba. Magana ce a kan alama, ba a kan tanadi ba. Mai kallo ne yake faɗinta, ba mai aiki ba.

Malamar Firamare

To wa ya sa alamar? In na leƙa bakin ƙofa da dare na ga takalma shida a jere, na gane Juma'ata. Ni na shirya, ni na gane. Bar mini abata.

Anti Mai Ɗinki

Kun yi ta juya fara, ba wanda ya tambayi abin da ya fi damuna. Me ya sa uwa kaɗai ake jefa wa wannan maganar? Lokacin da ake neman takalmin, ina baban yaran? Ba tsokana nake ba, wataƙila ya fita nema tun da duhu, wataƙila ba ya gari. Amma in yana ɗaki yana latsa waya, shi ma da hannu biyu aka halicce shi.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa mata ne ke yin sama da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya, a duniya baki ɗaya. Mace awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. Sai kuma a zo a ce wa mai awa huɗun ta ƙara sammako. Duk tsarin safiyar da aka gina a kan mutum ɗaya, ran da ta kwanta zazzaɓi ya rushe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni a gidana mun raba: shi ke tashe su ya sa ido kan wanka da sutura, ni ina wajen abin karyawa da ƙaramar. Ba a rana ɗaya muka kai nan ba, an sha ɓacin rai.

Kuma masu yabon sammako su tuna Bahaushen da ya ce a kama fara da safe, shi ne dai ya ce in ka yi sammako wani a hanya ya kwana. Shi ne kuma ya ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri.

Amaryar Bana

Anti, wannan ta ƙarshen ta ɗaure mini kai. Wuri da wurwuri ba abu ɗaya ba ne?

Ɗalibin Hausa

Wasa da harshe ne, ƙanwata. Wurin farko shi ne wuri na kuɗi, ƙwaya ɗaya ta irin kuɗin da aka yi ciniki da su a da. Wato ka zo da abin hannu ya fi ka zo tun da duku-duku hannu rabbana. In aka ɗora ta a kan zancenmu, uwar da ta tashi biyar da rabi da ƙarfinta da hankalinta ta fi wadda ta tashi ƙarfe huɗu tana layi. Anti ta harba daidai.

Hajiya Babba

Na karanta duka, kuma zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne. Da na ce na raini bakwai, ban faɗa muku ba ni kaɗai ba ce a gidan. Akwai masu karɓar mini goyo, akwai manyan yara. Kuma mu ba mu san zaman waya har tsakar dare ba, da an gama abincin dare gida ya yi tsit. Sammakon da nake alfahari da shi ashe barcin wuri ne ya haife shi. Wannan na ba ku.

Amma ban sauka daga kan magana ta ba gaba ɗaya. Ko minti ashirin ne, uwa ta samu nata kafin hayaniya ta tashi, ta zauna ita da ranta. In za ki jawo kwanciyarki zuwa goma, ki bar tashinki kusa da inda yake, kin samu duka biyun. Sauran aikin da ke hana ki kwanciya, ki duba da kyau, rabinsa zai iya kwana bai mutu ba.

Kuma akwai wata farar da ba ku ambata ba, su 'yan biyun kansu. Yanzu ne sanyin safiyarsu. Yaron da ya isa zuwa makaranta ya isa ya sa rigarsa ya nemo takalminsa. Zai sa a baibai, zai ɓata miki lokaci sati biyu, ki daure ki ƙyale shi. In kika ci gaba da yi masa don sauri, za ki yi wa ɗan shekara goma sha biyu.

Ita kuma wadda ta faɗa miki maganar, ba zan ce ta yi ƙarya ba, amma ta faɗe ta a inda ba ta da amfani. Karin magana irin wannan kafin abu ake yinta, a matsayin shawara. In an riga an makara ta zama gori. Da ni ce, da na karɓi jaririyar tukuna, in ya so da yamma mu yi zancen fara.

Amaryar Bana

Ni da ban haihu ba ma ina ɗaukar darasi. Amma wai gaskiya ne in mutum ya yi abu kwana 21 a jere ya zame masa jiki?

Malamar Firamare

Kada ki riƙe wannan lissafin, zai sa ki karaya a banza. Wata mai bincike a Landan, Phillippa Lally, ta bi mutum 96 da suke ƙoƙarin saba wa kansu da sabon abu. Tsaka-tsakin abin da ya ɗauke su kwana 66 ne, wani 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Abin da ya fi yi mini daɗi a ciki, tsallake rana ɗaya bai rushe abin ba. Don haka Maman 'Yan Biyu, kada ki kwashi duk abin da muka faɗa ki ce gobe za ki fara. Ɗauki ɗaya. Ni da takalmi zan fara.

Maman 'Yan Biyu

Na dawo bayan kwana biyar. Na gode muku ƙwarai, Hajiya maganarki ta ƙarshe har ƙwalla ta sa ni. Shekarar 'yan biyun shida, Anti Nas, kuma ashe sai goma saura suke barci. Na dawo da su takwas da rabi, dare biyu na farko yaƙi aka yi. Jaka da takalmi suna kwana bakin ƙofa. Ni kuma na samu kwanciya goma da rabi sau uku cikin biyar. Babansu mun yi magana, ya karɓi wanka, sauran muna kan tattaunawa.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Jaririya ba ta karanta abin da kuka rubuta ba, jiya sau uku ta tashe ni. Kuma Malama, wanda ya zaɓi rigarsa da bakinsa ranar Talata ya wayi gari ya ce shi ɗayar yake nufi. Me ake yi da irin wannan?

Takalmin kuwa a cikin kwandon wanki na same shi, a naɗe cikin zanin goyo.