Tofa ta kori gamba a gonata, ta ƙi jin magani

Assalamu alaikum masana. Gonata tana wajen Kujama a jihar Kaduna. A da gamba da ƙyasuwa ne suka cika gefenta, yanzu tofa ta mamaye ko'ina, har tsinin saiwarta na huda rogo.

Na ƙona ta da rani, ta riga kowace ciyawa tofowa tun kafin ruwan farko. Garma kuwa datsa saiwar ta yi, kowane guntu ya zama sabon tushe. Na fesa maganin kashe ciyawa na gilifoset lita 4 a hekta, ganyen ya bushe ƙurmus, amma da na tona, saiwar fara fat, ga sabon tsiro.

Shin wani sabon irin tofa ne ya ɓullo mai jure magani, ko maganin ne ba ya kaiwa saiwa?