Neman shawara: Hajiya ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da Alexa ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, a taimaka mini don Allah. Ciwon gwiwa ya matsa wa mahaifiyarmu, tashi kashe fanka ko fitila da dare ya zame mata aiki. Ƙanena da ke Ingila ya aiko da Echo, na'urar Amazon mai Alexa a ciki, wadda ake ba ta umarni da baki ta kashe fitila ko fanka. Shi dama halinsa ke nan, ba ya shawara da kowa, sai dai ka ga saƙo, ko lokacin gyaran rufin gida haka ya yi mana. To jikarta ta gaya mata duk abin da aka faɗa wa na'urar waje ake tura shi, tun ranar ta sa aka naɗe ta a zani aka cusa ƙarƙashin gado. Na sayi 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 na ɗora Home Assistant, manhajar sarrafa kayan wutar gida, don an ce komai a cikin gida yake tsayawa. Ga shi ba ya jin maganarta. Ya zan yi?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Hajiya ta fi ku gaskiya. Tun Maris 2025 Amazon ta cire zaɓin hana tura murya zuwa wajenta, a 2023 kuma ta biya tarar dala miliyan 25 kan ajiye muryoyin yara. Matsalarka Pi ɗin nan ce. Manhajar Whisper ke mayar da magana rubutu, kuma ta fi ƙarfin Pi ɗin. Ka nemi ƙaramar kwamfuta ko da ta hannu ce, shi ke nan.

Baban yara: Kai dai ka haɗa shi da batiri. Nawa ana ɗauke wuta katin memorin ya lalace, aikin da na sha wahala a kansa ya tafi a banza. Mai shagon ma cewa ya yi ba ruwansa, har yau ba ma gaisawa.

Malama: Yallabai, da wane yare Hajiya take yi masa magana? Hausa tana cikin jerin harsunan Whisper, amma jinta da yake yi bai taka kara ya karya ba. Ka sa mata maɓallin Zigbee, irin mara waya ɗin nan, kusa da matashinta, ta latsa kawai. Sannan wane irin kwan fitila ka sa? Wasu na Wi-Fi ɗin sai sun bi ta intanet.

Injiniya: Maɓalli kuma? To ai gara a miƙa mata rimot. Kwamfutar ce maganin, na faɗa.

Mai tambaya: Malama na gode, amma ni murya nake so, ita na yi wa alkawari. Kuma Pi ɗin ba laifinsa ba ne, ina ce masa ya kashe fitila da Turanci yana kashewa, jinkiri ne kawai. Kuɗin wata kwamfuta babu a yanzu, ƙanen nan nawa kuma jira yake ya ji na gaza.

Malama: Ba ka faɗi irin kwan ba har yanzu.

Baban yara: Ni dai wa ya san inda ake samun katin memori na asali a Kano?