Fom mun karɓa, amma abin da ke cikinsa fa?

1/ Jama'a, mu da ke haɗa wa 'yan kasuwa manhajar lissafi muna da bashin kalmomin Hausa a wuyanmu. Kalmar fom ba ta da matsala. Wanda ya cike na JAMB ko na katin ɗan ƙasa ya san ta, kuma ban ga dalilin korarta ba. "Takardar cikewa" da wasu ke so ba ta dace da abin da ke kan allon waya ba, tunda babu takarda a wurin. Don haka: fom ɗin shigar da bayanai. A bakin aiki, fom kawai.

2/ Inda gizo ke saƙar shi ne sassansa. Ɗan akwatin nan da ake rubuta suna ko farashi a ciki, Bature na kiransa field, sai masu fassara suka ce "fili". Ban yarda ba. Fili a kunnen Bahaushe sarari ne, na ƙwallo ko na gini. Ka ce wa yaron shago a kasuwar Singa ta Kano "cike filin farashi", zai dube ka sau biyu. Kalmar da muke nema tana hannunmu tun firamare: gurbi. Cike gurbi. Gurbin suna, gurbin kwanan wata, gurbin adadi. Gurbi wuri ne da aka tanada don abu guda, kuma haka abin yake a manhajoji irin su Access, Google Forms da Odoo.

3/ Wanda ake sa wa tauraro, fom ya ƙi wucewa sai an cike shi: gurbin dole. Sauran kuwa gurbin ganin dama.

4/ Wanda ka taɓa ya zubo da sunaye ka ɗauki ɗaya: jerin zaɓi. Na ji masu cewa "zazzago", amma zazzagawa ta riga ta zauna a kan sauke abu daga intanet, kada mu ɗora mata kaya biyu.

5/ Yanzu ga wadda ta fi damuna, validation. An saba fassara ta da "tabbatarwa" ko "tantancewa". Dukansu suna nufin wani ya bi bayan aiki ya duba. Alhali wannan abu a bakin ƙofa yake tsaye, kafin bayanin ya shiga. Mai haɗa fom ne ke gindaya shi: wannan gurbi lamba kaɗai yake karɓa, wancan ba ya karɓar ranar da ba ta zo ba. Ni sharaɗin gurbi nake kiransa, kuma ina roƙon mu tsaya a kanta.

6/ Ga dalilina. Sharaɗi mutum ne ke sa shi, kuma mutum na iya sa wanda bai dace ba. Ɗauki gurbin lambar waya. Lambar Najeriya 11 ce idan an haɗa da sifirin farko, sai mai haɗawa ya ɗaure gurbin a kan 11. Ranar da kwastoma ya zo daga Maraɗi da lambarsa mai 8, fom ya ƙi. Yaron shago ba zai tsaya jiranka ba, layi na gabansa, sifiri uku zai ƙara ya wuce, lambar ta lalace. Idan sunan abin "tabbatarwa" ne, mai shago zai ɗauka kwamfuta ce ta gano ƙarya. Idan sunansa sharaɗi, nan take zai ce, "Malam, a sassauta mana sharaɗin nan, muna da mutanen Nijar." Ya san abu ne da ake gyarawa, ya kuma san wa zai kira.

7/ Af, tunda mun taɓo lambar waya: a sa gurbinta ya zama na rubutu, ba na lissafi ba. Excel na haɗiye sifirin farko idan ya ɗauke ta a matsayin adadi.

8/ Maɓallan ƙasan fom ma kada a cakuɗa su. Masu aikin tattara bayanai da manhajar ODK ko KoboToolbox a ƙauyukan da babu sabis sun san matakai uku ne. Adana: bayanin na cikin wayarka, kana iya komawa ka gyara. Kammala: ka gama, ka rufe. Tura: ya bar hannunka. Idan aka rubuta "ajiye" a kan duka, ma'aikaciya za ta kwana tana zaton aikinta ya isa ofis alhali yana cikin jakarta. Kuma XLSForm, tsarin da ake haɗa fom ɗin waɗannan manhajoji da shi, na ba da damar rubuta kowace tambaya da Hausa kusa da ta Turanci, don haka kalmomin nan suna da wurin zama tun yau.

9/ Saura guda da ban rufe ba: gurbin da ba ya fitowa sai an ba da wata amsa, kamar ka zaɓi "bashi" sannan gurbin ranar biya ya bayyana. Ina tsakanin ɓoyayyen gurbi da gurbi mai jira. Na fi karkata ga na biyun, don ba ɓoye shi aka yi ba, amsa yake jira. Malaman Hausa da masu haɗa manhaja, wanne ya fi zama a bakinku?