Zango ɗaya a Jamus ta hanyar Erasmus+: shin za a ƙirga mini kwasa-kwasan idan na dawo?

Ɗalibi ɗan aji uku

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin gudanar da kasuwanci na wata jami'ar tarayya a Arewa, kuma ina aji uku. Jami'armu tana da yarjejeniyar musayar ɗalibai da wata jami'a a Jamus a ƙarƙashin shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, kuma sunana ya fito cikin waɗanda aka zaɓa su je su yi zango ɗaya daga watan Oktoba. An shaida mana cewa ba za mu biya kuɗin karatu a can ba, za a taimaka da kuɗin jirgi, sannan akwai alawus na wata-wata. Mahaifina ya amince, amma da sharaɗin kada tafiyar ta ja mini ƙarin shekara, domin na shiga jami'a a makare, yanzu shekaruna 28, kuma wanda ya haura 30 kafin ya kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa. Abin da nake son sani daga waɗanda suka taɓa zuwa shi ne ko makin da na samo a can zai shiga cikin sakamakona na nan, ko kuwa zan dawo in tarar da kwasa-kwasan zangon suna jirana.

Wadda ta taɓa zuwa

Wa alaikumus salam, ƙanena, ina taya ka murna. Ni ma kasuwanci na karanta, kuma na yi irin wannan zango a Jamus, don haka zan faɗa maka inda na yi tuntuɓe.

Kafin ka tashi akwai takardar yarjejeniyar karatu da ku uku za ku sa wa hannu: kai, jami'arka da jami'ar da za ta karɓe ka. A cikinta ake rubuta kowane kwas da za ka ɗauka a can, da kwas ɗin gida da zai maye gurbinsa. A ƙa'idar shirin, abin da aka rubuta a nan kuma ka ci shi, wajibi ne jami'arka ta amince da shi. Ni ofishin hulɗa da ƙasashen waje ne ya sa mini hannu, na ɗauka magana ta ƙare, ashe shugaban sashenmu da jami'in jarrabawa ba su taɓa ganin takardar ba. Da na isa kuma sai na tarar biyu daga cikin kwasa-kwasai biyar da na zaɓa ba a koyar da su da Turanci a wannan zangon, na sauya su da wasu a makon farko, na aika saƙo gida ta waya, aka ce mini ba komai. Bayan na dawo na miƙa takardar sakamako, jami'in jarrabawa ya ɗora ta kusa da tsohuwar yarjejeniyar, ya bi su da bakin biro layi-layi, ya ce waɗannan biyun bai san da su ba. Sai da na sake su a gida tare da 'yan ajin da ke bayana. Saboda haka duk canjin da ka yi a can, ka tabbata an gyara yarjejeniyar a rubuce kuma sashenku ya sa hannu tun a makonnin farko.

Karatun kansa ma ya sha bamban da namu. A yawancin kwasa-kwasan lacca da na yi babu gwajin tsakiyar zango da zai tallafe ka, jarrabawa ɗaya ce a ƙarshe take ɗauke da makin gaba ɗaya, kuma sai ka yi mata rajista daban, zaman aji kaɗai ba ya sa sunanka. A darasin dabarun kasuwanci kuwa rukuni aka raba mu, aka ba mu matsalar wani kamfani mu warware mu gabatar a gaban aji. Ranar da na yi musu bayanin yadda 'yan kasuwar Kantin Kwari suke ba da kaya bashi a kan amana ba tare da takarda ba, malamin ya tsayar da ni ya yi ta tambaya har lokacinmu ya ƙare.

Malami a tsangayar kimiyyar gudanarwa

Abin da 'yar'uwa ta faɗa gaskiya ne, sai dai zan ƙara bayani daga ɓangarenmu na malamai, domin ba kullum ne mugunta take sa a ƙi karɓar kwas ba. Turai tana amfani da ma'aunin ECTS wajen auna nauyin kwasa-kwasai, inda shekarar karatu take da maki 60, zango ɗaya 30, kuma kowane maki yana wakiltar awa 25 zuwa 30 na aikin ɗalibi, har da karatun da yake yi a ɗakinsa. Mu kuwa yunit ɗinmu a kan awannin da malami yake tsayawa a aji ake lissafa shi. Ma'aunan biyu ba sa hawa kan juna kai tsaye, dole sai sashe ya zauna ya yanke yadda zai daidaita su, kuma sakamakon sai ya bi ta hukumar sashe da ta tsangaya kafin majalisar jami'a ta amince. Idan ba a yi wannan zama kafin tafiyarka ba, bayan ka dawo za a fara shi, lokacin da kai ne mai gaggawa.

Haka nan ka nemi a rubuta yadda za a fassara darajar makin. A Jamus 1.0 ne mafi kyau, 4.0 kuma shi ne ƙarshen ci, alhali mu a ma'aunin 5 muke, inda babban lamba yake nufin ƙwazo. Wanda bai san wannan ba yana iya ganin 1.7 ya zaci ɗalibi da ƙyar ya tsira.

Akwai kuma kwasa-kwasan da ba za ka sami madadinsu a can ba ko ka yi yaya. Tallata haja, kula da ma'aikata, sarrafa kuɗin kamfani da ƙididdiga duk za ka same su, amma babu jami'ar Jamus da za ta koya maka dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ko tsarin harajinmu. Idan irin waɗannan suna cikin zangon da za ka bari, ka tambayi jami'in jarrabawa tun yanzu ko adadin yunit da aka yarda ɗalibi ya yi wa rajista zai ba ka damar haɗa su da na aji huɗu, ga kuma aikin bincikenka na ƙarshe. Sannan ka dubi kalanda da idon basira. Zangon hunturu a yawancin jami'o'in Jamus yana kaiwa ƙarshen Maris, laccoci suna ƙarewa a Fabrairu, jarrabawa ta biyo baya, mu kuwa tun bayan annobar korona da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 kowace jami'a da nata lissafin. Zango ɗaya a can yana iya shiga cikin zanguna biyu a nan, kuma a ganina wannan ne ya fi barazana ga sharaɗin mahaifinka.

Ɗan'uwa daga Maraɗi

Mu a Nijar wannan matsala ta lissafi da sauƙi, domin jami'o'inmu suna bin tsarin LMD, wato digirin farko, na biyu da na uku irin na Faransa, zango ɗaya maki 30 kamar na Turai. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne biza da guzuri. Bizar Shengen ta ɗan gajeren zama kwana 90 ce kawai, ba za ta ishe ka zango ba, don haka ta dogon zama za ka nema, kuma samun ranar ganawa yana ɗaukar lokaci. Alawus ɗin yana tsakanin Yuro 800 da 900 a wata gwargwadon ƙasar da aka je, amma ba lallai ya shigo hannunka ranar da ka sauka ba, ga kuɗin ajiya na ɗaki da inshorar lafiya suna jira. Ka tafi da abin da zai riƙe ka wata guda.

Ɗalibi ɗan aji uku

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na duba kundin sashenmu kamar yadda ka nuna, na ga dokar kasuwanci tana cikin zangon da zan bari, kuma zangonmu na biyu zai fara ne tun ban gama jarrabawa a can ba. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa shugaban sashe jerin kwasa-kwasan jami'ar tare da bayanin abin da kowanne ya ƙunsa. Yaya, ina da sauran tambaya ɗaya gare ki: shin malaman can suna yarda ɗalibin musaya ya rubuta jarrabawa kafin sauran ɗalibai idan ya nuna musu kalandar jami'arsa, kuma wa ya kamata in fara rubuta wa, malamin kwas ko ofishin da yake kula da baƙin ɗalibai?