Wai Ƙiba Cuta Ce? Yadda aka kwana ana yi a guruf ɗin matan unguwa

Maman Sadiƙ: Salamu alaikum. Yau kam sai na amayar da abin da ke raina. Wata bakwai ke nan da aka yi mani aikin rage tumbi a Masar. Kafin nan kilo 118 nike, ga suga, ga ciwon gwiwa, sallah ma bisa kujera nike yin ta. Ba abin da ban gwada ba, daga barin tuwon dare har zagayen filin wasa na Karkanda nan Katsina bayan Asuba. In sauke kilo biyar, in maido takwas. Yanzu ina 86, goshina ya koma taɓa ƙasa a sujada. To jiya wurin biki a Ƙofar Marusa ƙanwar maigidana ta kalle ni sama da ƙasa gaban jama'a ta ce, "Anti, ko Yaya ya bar yin cefane ne?" Aka sa dariya. Ba ta san sati biyu na yi ba abin da ke shiga bakina sai romo da ruwa ba, ba ta ga gashin da nike tsinta a mataji ba. Har yau masa ɗaya ke cika ni. Jama'a, ƙiba fa cuta ce. Don me wanda ya nemi magani zai zama abin dariya?

Hajiya Iya: Cuta? To mu da Allah Ya yi mu da jiki duk majinyata ne ke nan? Ɗiyata, ki riƙa tauna magana.

Amaryar Alhaji: Kin riga ni, Hajiya. Mu a gidanmu jiki gado ne. Kakata sai da aka faɗaɗa mata ƙofar ɗaki, kuma ta haura tamanin tana daka furarta da kanta.

Anti Nas: Ku yi haƙuri, ba zagi ba ne. Akwai awon BMI, ana raba nauyi da tsawo sau tsawo. Daga 30 zuwa sama shi likitoci ke kira ƙiba mai illa. Mai tsawon mita 1.6 da kilo 118 tana wajen 46. Ƙungiyar likitocin Amurka tun 2013 ta sa ta cikin cututtuka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas na fama da ita.

Hajiya Iya: Amurka su fara warkar da nasu tukuna. Ni da likita ya auna ni cewa ya yi jinina ya fi na yarinya kyau.

Maman Hanan: Hajiya, ba ke ce kika aiko Hanan karɓar maganin hawan jini wancan satin ba?

Hajiya Iya: Na maƙwabciya ne.

Malama: Ni ba kalmar ce ta dame ni ba. Yanke wani sashe na jiki fa? A duba aya ta 119 cikin Suratun Nisa'i kan canza halittar Allah.

Anti Nas: Malama, wanda aka cire wa appendis ma ya canza halitta? Wannan ba kwalliya ba ce. Ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, abin da ya rage ya koma kamar ayaba, sinadarin da ke tada yunwa ma ya ragu. Ba a yi wa kowa. Kuma mutum zai dawwama kan bitamin B12 da maganin ƙarin jini, in ya koma wa lemon kwalba da cincin nauyin na iya dawowa.

Malama: Ai shi ya sa na ce a duba, ban ce haramun ba. Kar a sa mani magana a baki.

'Yar Daura: Ni dai cutar da na sani ita ce wadda aka yi mani a adashe. Kwasata ta wuce tun watan jiya, uwar adashe na nan tana karantawa ta yi gum.

Maman Hanan: Ki kira suna in kin isa. Zubi ukku ake bin ki.

'Yar Daura: Biyu ne, kuma na tura ta hannun ɗanki.

Amaryar Alhaji: Mutanen Daura da rigima. Ku da fura ba ta bar ku kun rame ba, me ya kai ku zancen ƙiba?

'Yar Daura: Gara mu, tamu ta gero ce da nono. Wasu tasu ta sha-ka-fashe ce, kuma har dillancinsa suke yi wa amare.

Amaryar Alhaji: Da wa kike?

Anti Nas: Tunda an taɓo shi: yawancin abin da ake cewa sha-ka-fashe akwai wata ƙwaya mai suna dexamethasone ciki. Kumburi ne, fuska ta yi tulu-tulu, suga da jini su hau.

Amaryar Alhaji: Nawa haɗin gargajiya ne, dabino da aya da waken suya. Wanda ya ce da ƙwaya ciki ban yafe ba.

Maman Sadiƙ: Don Allah, ni fa maganar abin da ƙanwar mijina ta yi mani na kawo.

Hajiya Iya: Ki fara janye kalmar cuta.

Maman Sadiƙ: Hajiya, kaina na faɗa wa.

Hajiya Iya: A'a, jam'i kika yi. Na sa jikata ta sake karanta mani.

Admin: To, ya isa haka, sha biyu ta gota. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda kalmar cuta ta yi nauyi, kuma ya kamata Maman Sadiƙ ta ba iyayenmu haƙuri. Maganar aiki kuwa, kun ji da bakin Anti Nas cewa nauyin dawowa yake, ga zubar gashi, ga magani har mutuwa, don haka ni ban ga riba ba. Adashe a bi ni ta gefe. Mai son rage teɓa ba tare da wuƙa ba, shayina na zogale da citta ya iso, akwai ƙaramin leda da babba, ana kai wa har Ƙofar Ƙaura da Sabuwar Unguwa. Na rufe guruf sai da safe.