Neman shawara: zan bar kwale-kwalen mahaifina a bakin gulbi sati uku, ba rufi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure. Mahaifinmu ya rasu bara bayan babbar sallah. Cikin abin da ya bari akwai kwale-kwale ɗaya da ya daɗe yana fito da shi a gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa a nan Sakkwato. Da aka zo rabon gado yayana ya ce a sayar a raba kuɗin, ni kuma na ce abin da ya ciyar da mu ba zan ga an miƙa wa bare ba. Na biya sauran magada kasonsu, har babur ɗina sai da na sayar. Tun ranar yayana bai sake taka gidana ba, ko sunan ɗiyata matarsa ba ta zo ba, alhali lokacin nasu ni na sayi ragon. To, a bar wannan. Akwai yaron da nake ba jirgin yana fito muna raba abin da aka samu, shekaranjiya aka kira shi ƙauye, tsohuwarsa ba lafiya. Ni kuma ranar Lahadi wurin aiki za su tura ni kwas Kaduna, sati uku. Jirgin yana ɗaure a turke, ba rufi, ga shi muna tsakiyar Agusta. Zai cika ya nutse ne? Ya zan yi?

Na Wurno: Allah shi jiƙan tsoho. Amma ba ka hwaɗi ba, na katako ne ko na roba? Da inji ko babu?

Jikan Sarkin Ruwa: Ɗana, saurara. Cikin ruwa anka haihe ni, shekarata arba'in ina wanga aiki. Kai ruwan sama kake tsoro, ni igiyarka nika tsoro. Gulbin Rima cikin Agusta yakan tashi dare ɗaya, ko an yi ruwa garinga ko ba a yi ba, don ruwan daga saman gulbi yake tahowa, ta madatsar Goronyo. In igiyarka gajera ce kuma turken na ƙasa, gulbi na tashi igiyar za ta riƙe hancin jirgin, ta danna shi cikin ruwa. Jirage nawa na gani sunka tahi haka, rana tsaka, ba ko hadari.

Malamin Lissafi: Baba ya yi gaskiya, amma kada a raina na saman ma. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, kilo ɗaya kenan. A ce jirgin ya kai mita 7 a tsawo, bakinsa duka kamar murabba'in mita 6. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, lita 300 ta zauna a ciki, jarka 12 mai lita 25. Ruwan shekara a Sakkwato wajen milimita 600 zuwa 700 ne, kuma mafi yawansa Yuli da Agusta yake sauka. A sati uku za a iya yin irin wannan fiye da sau ɗaya. Sayi tamfal ka rufe, amma ka gitta gora a tsakiya ta ɗaga shi kamar jinka, in ba haka ba ruwan zai taru a kan tamfal ɗin ya lotsa ciki.

Jikan Sarkin Ruwa: Malam, lissahinka ya yi kyau ga allo. Tamfal a bakin gulbi? In iskar hadari ba ta ɗauke shi ba, mai hannu zai ɗauke shi kahin Lahadi ta zagayo. Wa ka taɓa gani ya ruhe jirgi nan? Ƙwarya ɗaya da yaro mai kwarhe ruwa kowace sahiya, ita ce ruhin jirgi tun kakanninmu.

Mai tambaya: Na katako ne, maɗaci. Injin yana jiki, Yamaha ne ƙarami. Kuma igiyar ba gajera ba ce, yadda marigayi yake ɗaurewa haka aka ɗaure, shekara da shekaru bai taɓa nutsewa ba.

Maman 'Yan Biyu: Inji yana jiki kake maganar ruwan sama? Wallahi maigidana ya bar injin ban-ruwa a fadama dare ɗaya tak, da safe sai sawun kura muka tarar. Wanda muke zargi har yau yana gaishe mu a hanya, ya saka sabuwar shadda. Bashin injin nan shekara biyu muna biya. Mutanen yanzu ba tsoron Allah.

Na Wurno: Mu ma an yi muna haka da taru, sabo dal.

Jikan Sarkin Ruwa: Cire injin yau, ba gobe ba. Katako ko ya cika yakan kwanta daidai da ruwa, ba ya kai ƙasa da wuri, amma nauyin inji zai ja gindin ya nutse, kuma inji in ya sha ruwa da laka sai bakanike. Maganar yadda babanka ke ɗaurewa kuwa, babanka kullum yana bakin gulbi, yana sassauta igiya yana matsar da turke. Kai kana Kaduna.

Ɗan Dundaye: Ni ban ga abin wahala ba. Ka samu matasa shida ka saya musu shayi, su jawo shi tudu su kife. Shi ke nan.

Jikan Sarkin Ruwa: Kada ka soma. Jirgin katako in ya bar ruwa ya sha rana, katakon na bushewa, haɗin ya buɗe, kaɗa da kwaltar da anka toshe da su su saki. Ka dawo ka tura shi ruwa ya riƙa sha kamar rariya. Gara ma ka nutsar da shi da gangan wuri mara zurhi, ka aza duwatsu.

Ɗan Dundaye: Baba, a damina wace rana ce za ta busar da maɗaci cikin sati uku? Kuma wurin da ba zurfi yau, jibi ya shanye mutum. Kun manta 2010? Cikin Satumba ruwa ya cinye gadar hanyar jami'a, ɗalibai da malamai da kwale-kwale suka riƙa ƙetarewa. Gonar shinkafarmu ko kara ba mu tsinta ba. Tun daga shekarar mahaifina bai sake noma kamar da ba.

Malamin Lissafi: Kuma jirgin da ya cika da ruwa nauyinsa ya ninka, in gulbi na gudu shi zai tumɓuke turken. Duk shawarwarin nan mutum suke buƙata. Ba ka da kowa a kusa?

Maman 'Yan Biyu: Yayan naka fa? Ba a nan garin yake ba? Ka je ka gaishe shi, jirgin ubanku ne ku duka. Ruwa ba ya tsami banza, wataƙila shi ma yana jiran ka fara zuwa.

Mai tambaya: Hajiya don Allah a bar maganar yayana, ba ita na kawo ba. In na roƙe shi, gobe zai ce da ma ya faɗa a sayar. Jawo shi tudu kuma, filin da ke wurin na wani ne da ba ma shiri. Tamfal na tambaya, kuɗin ya yi yawa, ga kuɗin mota. Injin ma da kwaɗo na kulle shi, ba a banza na bar shi ba.

Jikan Sarkin Ruwa: Kwaɗo na hana ruwa shiga inji? To mi kaka son mu ce maka? Tahi wurin sarkin ruwan mashigin, ka kai goro, ya sa maka yaro. Haka aka yi.

Mai tambaya: Baba akwai 'yar magana tsakaninsa da marigayi, ba zan iya bayani a nan ba.

Na Wurno: In za ka sayar, ina da mai so. Da injin ko ba injin.

Mai tambaya: Ba na sayarwa ba ne. Na gode muku duka. Na ƙara igiya ta biyu da yamman nan, injin kuma zan ga yadda za a yi kafin Lahadi. Don Allah duk wanda ya bi ta gadar ya ɗan leƙa mini.

Ɗan Dundaye: Ni kullum ta nan nake bi. Amma wanne ne naka a ciki? Duk baƙaƙe ne.