Dokin Baba ya yi ƙiba, majayi ya daina kaiwa

Ɗan Mai Wurno:
Assalamu alaikum. Tun da ƙafa ta kwantar da Baba wata takwas da suka wuce, babu wanda ya hau dokinsa. Yana ɗaure a turke, amma abincinsa bai ragu ba: malwa (ma'aunin hatsi) guda ta dawar feterita kullum, da dusa, da barsim ɗanye (ciyawar da ake nomawa don dabbobi) safe da yamma. Inna kuma ba ta wucewa ta gabansa ba ta miƙa masa wani abu ba, don ta ce ganinsa a ƙoshe yana kwantar wa Baba da hankali. Jiya na ɗora sirdi, majayi ya ƙi kaiwa. Wuyansa ya yi tozo mai tauri, na danna gefensa ban ji haƙarƙari ba. Yaya zan rage shi ba tare da na cuce shi ba?

Malam Mai Barga, Gadarif:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba mahaifinka lafiya. Wannan tozon shi ya fi damuna, domin doki mai irin wuyan nan shi ciwon kofato ya fi kamawa, kuma in ya kama sai ka gan shi yana jingina baya, ya kasa taka ƙafafun gaba. Fara da hatsin: dokin da ba ya aiki ba ya buƙatar dawa. Janye ta da dusar cikin kwana bakwai zuwa goma, barsim ma ka mayar da shi ɗan dunƙule. Amma kada ka hora shi da yunwa. Cikin doki ƙarami ne, an halicce shi ya wuni yana tsinkar ciyawa, in cikin ya daɗe babu komai, sai gyambon ciki ya kama shi. Ruwa da gishiri kada su yanke.

Ummu Hafsa, Sinnar:
Ɗan'uwa, na karanci aikin dabbobi, bari in ƙara lissafi. Auna zagayen ƙirjinsa da santimita, ka ninka shi da kansa, ka ninka da tsawonsa daga kafaɗa zuwa ƙarshen gindi, ka raba da 11,877. Abin da ya fito shi ne kimanin nauyinsa. In kilo 400 ne, ba shi busasshiyar ciyawa kilo 6 a wuni, wato kashi 1.5 cikin ɗari, a raba sau huɗu ko biyar. Ka auna da sikeli, ido yana ruɗi. Jiƙa ta a ruwa kamar awa guda tana rage sukarinta, sai dai da zafinmu kada ta kwana a ruwa, kuma ka zubar da ruwan. Kilo biyu zuwa huɗu a mako ya wadatar. Ka nisanta shi da abu sab'in ɗanye, wato dawar da ake nomawa don abincin dabbobi, musamman sabon toho, yana da guba. Kafin kilisa taɓa kofatan: in da zafi ko yana ɗingishi, likita za ka kira, ba hawa ba.

Ɗan Mai Wurno:
Na gode Malam, na gode Yaya. Kofatan da sanyi, don haka gobe da asuba zan ja shi a ƙasa zuwa bakin kogi. Inna kuwa na roƙe ta ta riƙa ba shi ciyawarsa ta yamma da hannunta, ta amince.